Muryar Anti mai kayan ɗaki kan teburin rubutu irin na Faransa

Ga muryar da Anti ta turo jiya da dare, na rubuta ta ne saboda waɗanda suka ce datarsu ta ƙi buɗewa. Tambayar dai wata 'yar uwa ce ta fara aiki daga gida, ta ga hoton teburin rubutu irin na Faransa a Pinterest, tana so ta san wanne za ta zaɓa kuma ya za ta gyara wajen.

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da dare, ya gida ya yara. Ƙanwata mai tambayar tebur na ga saƙonki tun da rana wallahi ban samu zama ba sai yanzun, kuma maganar ba ta rubutu bace shi yasa na ce bari kawai in yi murya, ki yi haƙuri in ta yi tsawo.

Toh hoton nan da kika turo, farin nan mai lanƙwasassun ƙafafu da durowa uku, eh shi ne ake ce wa na Faransa kuma yana da kyau ba ƙarya. Amma kafin ki tura wa kowa ko sisi ki riƙe abu ɗaya a ranki, teburin nan asalinsa ba dan kwamfuta aka yi shi ba. An yi shi ne zamanin da aikin gaba ɗaya takarda ce da tawada da alƙalamin gashin tsuntsu, mutum ya zauna ya rubuta wasiƙa biyu uku ya tashi abinsa. Ke kuma kin ce daga safe har la'asar kina gaban laftof. Kin ga kenan ba ido kaɗai zai zaɓa miki ba, sai kin haɗa da gwiwarki da bayanki.

Bari in fara da gwiwar tunda ita ce mutane ke mantawa. Tsayin tebur na aiki yawanci inci 29 zuwa 30 ne, wato wajen santimita 75, wannan ba matsala. Matsalar tana ƙasa, katakon nan da ya zagaye teburin wanda durowa ke ciki, a irin na Faransa yana da faɗi saboda a nan ake zuba sassaƙa da ado, sai ki ga ya cinye inci biyar ko shida. Ki zauna a kujera ki tura ƙafa sai cinyarki ta daki durowa, sai ki sauke kujerar ƙasa, sai kuma kafaɗarki ta ɗage sama dan ki kai ga madannai, kafin sati biyu kin fara neman man zafi. Dan haka ki ɗauki tef na awo, ki zauna a kujerar da za ki dinga zama da ita ɗin nan ba wata ba, ki auna daga ƙasa zuwa saman cinyarki ki ƙara inci biyu, wannan shi ne sararin da ƙafarki ke buƙata a ƙarƙashin teburin. In za ki tambayi mai sayarwa kar ki ce masa nawa ne tsayinsa, ce masa za ki yi daga ƙasa zuwa gindin durowar tsakiya inci nawa ne. In bai kai 24 ba ki barshi ko kyauta ne. Masu kyan ciki dama durowar tsakiyar ba ta da zurfi kuma ta ɗan shige ciki, na gefe biyu ne ke saukowa, dan wajen ƙafa aka yi haka.

Sai faɗi. Laftof kaɗai ƙafa biyu daga gaba zuwa baya ya isa, tsawo ƙafa huɗu. Amma in kina da wani allon daban babba to ƙafa biyu ta yi kaɗan, zai zo miki kan hanci, nemi inci 28 zuwa 30. Kuma ki bar kamar ƙafa uku a bayan kujera dan ki iya tashi ba sai kin goga bango ba.

Yanzu kala-kalarsu, dan ba iri ɗaya bane duk da 'yan kasuwa komai royal suke ce masa. Hanya mafi sauƙi ki kalli ƙafa. In ƙafar ta lanƙwasa ta fito ta koma ciki kamar ta barewa, gefen teburin ma ba miƙe yake ba yana ɗan kaɗawa, ga sassaƙar fure da ganye, wannan salon zamanin sarki Luwi na 15 ne, wanda ya yi mulki daga 1715 zuwa 1774, naki na hoton nan irinsa ne. In kuma ƙafar miƙaƙƙiya ce tana sirancewa zuwa ƙasa da tsaga-tsaga a tsaye, komai a miƙe ba kwana-kwana, to na Luwi na 16 ne jikansa da ya gaje shi. Abin da ya kawo canjin shi ne a shekarun nan an tono tsofaffin garuruwan Rumawa a Italiya da dutse mai aman wuta ya binne, Pompeii an fara tono ta a 1748, sai masu kuɗin Turai suka koma son irin ginshiƙan Rumawa suka gaji da lanƙwashe-lanƙwashe. Ni dai in kin tambaye ni, wa mai aiki da kwamfuta miƙaƙƙen ya fi, yana zama lafiya da laftof da firinta ba ya faɗa da su, kuma ya fi sauƙin gogewa, dan duk wani lungu na sassaƙa gidan ƙura ne, mu kuma kin san mu da ƙura.

Akwai kuma na uku wanda ni na fi so a gidajenmu, na mutanen karkarar Faransa. Su ba su da kuɗin gwal sai suka kwaikwayi siffar na birni da katakon da ke kusa da su, ba ado sosai, katako ne zalla ko ɗan fenti mai sanyi. Shi ne yawanci kike gani a hotuna fari-fari ko ruwan toka.

In ɗakin ƙarami ne ko ma lungun ɗakin kwana za ki ware, akwai wanda yake tsaye jikin bango sai ka ce kabad, ki sauke murfinsa ya zama wajen rubutu, in kin gama ki ɗaga ki kulle. Wa mai yara ƙanana wannan rahama ne wallahi, ba mai ja miki caja ba mai zana miki takardun ofis. Sai dai murfin ba ya son nauyi, laftof kawai, kar ki jingina da gwiwar hannu kina danna shi, kuma ƙafarki ba ta da wajen miƙewa sosai. Na awa ɗaya biyu ne ba na yini ba.

Maganar kulle ta tuna min, shi Luwi na 15 ɗin akwai teburinsa har yau yana fadar Versailles, wani kafinta Oeben ya fara shi a 1760 ya rasu bai gama ba, yaron shagonsa Riesener ya ƙarasa a 1769. Shekara tara ana tebur ɗaya! Murfinsa naɗewa yake, mukulli ɗaya ke kulle murfin da durowoyin. In kafintanki ya ƙara miki sati biyu sai ki tuna da wannan ki yi haƙuri hhh. Kuma na faɗi haka ne dan wani dalili, kar wani ya yaudare ki a Instagram wai nasa tsohon na asali ne daga Faransa. Na asalin suna gidajen tarihi da hannun manyan attajirai, bayan juyin juya halin 1789 an yi gwanjon kayan fadar da yawansu ma Ingila suka ƙare. Abin da ke zuwa mana sabon yi ne, daga Turkiyya ko Chana ko Masar, dan garin Dumyat na Masar sun daɗe da shahara a sassaƙa irin wannan salon. Ba laifi bane, kawai ki san me kike saya ki biya kuɗinsa.

Toh da me aka yi shi, nan ne kuɗi ke ɓata. Da yawan na kasuwa MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam, aka fesa masa fenti, furannin nan da kike gani kamar sassaƙa roba ce aka zuba a mazubi aka manna. Ki ƙwanƙwasa ki ji, ki zaro durowa gaba ɗaya ki juya ta ki kalli gindinta da bayanta inda fenti bai kai ba, nan gaskiya take. In kusurwar durowar katako ne ya shiga cikin katako kamar yatsu an sarƙe, aiki ne mai kyau, in ƙusa ce da gam kawai to kin gani. Saman tebur in MDF ne mai kauri za a iya haƙuri da shi in dai ruwa ba zai zauna a kai ba, amma ƙafa dole katako, musamman lanƙwasasshiyar, dan siririya ce a ƙasa ja ɗaya a kan tayil sai ta ɓalle daga wuya. Ki kama teburin ki girgiza, in yana rawa a shago a gida sai abin da ya ƙaru.

Sannan hunturu. Kayan da aka yi a ƙasa mai laima in suka sha iskar Disamba da Janairu ta nan katakon tsukewa yake, sai ki ji ƙas da dare, ya tsage, ko siririn fallen katakon da aka manna a sama ya fara ɗagowa. Damina ta zo kuma ya kumbura durowa ta ƙi fita. Shi yasa ni na fi ba mutane shawara su kai wa kafinta na gida hoton, in ya iya sassaƙa, ya yi da maɗaci wanda ya bushe sosai. Ki jaddada masa busasshe, dan ɗanyen katako ko na wace ƙasa ne sai ya murɗe. Ki ce a sa maganin gara kafin fenti. Kuma ki nemi ganin ƙafar da ya taɓa yi da idonki, ba hoton waya ba, dan ƙafa huɗun nan su fito iri ɗaya shi ne gwanintar, ba kowa ke iyawa ba. In bai taɓa yi ba ki koma miƙaƙƙiya, masu injin gurza katako suna fitar da ita tsaf.

Hannun durowa kuma ki sayi na tagulla na gaske mai nauyi ko da guda uku ne kawai, ki rabu da na roba mai ruwan gwal, wata shida ya koɗe. Na da ɗin tagulla ce ake shafa mata zinare da zaiba a gasa a wuta, hayaƙin ya hallaka ma'aikata da yawa, yanzu ba kasafai ake yin haka ba.

Saman teburin na asali fata ake shimfiɗawa da ɗan zanen gwal a gefe dan alƙalami ya tafi sumul. Fatar akuya ce da Turawa ke kira ta Maroko, kuma irin wannan fatar da yawanta daga wajenmu take tashi, jar akuyar Sakkwato da jimar Kano, a bi da ita ta Sahara. Dan haka in kina so dukawanmu za su yi miki, sai dai fatar akuya ba ta da girma sai an yi gida uku. Amma fa fata ba ta son zafin gindin laftof ba ta son kofin shayi, sai ki sa wani abu a ƙasa. Wasu gilashi suke yankawa su ɗora, yana karewa, ni dai ba na so dan yana kashe kyan kuma maus ba ya tafiya a kai.

Gyaran waje kuma, nan ne nake faɗa da mutanena. Dan Allah teburin ya zama shi kaɗai ne mai surutu a ɗakin. Kar ki ce tunda na Faransa ne sai an kawo labule mai gwal, madubi mai gwal, bango mai fure, kujera irin ta amarya, ofis ne ba wajen kamu ba. Bango launi ɗaya mai sanyi, ruwan madara ko toka-toka ko kore mai duhu in teburin fari ne. A kai fitila ɗaya, ki samu mai caji saboda ɗauke wuta, ɗan faranti na biro da abin ajiye takarda, shikenan. Firinta da fayil-fayil ki nema musu wata 'yar kabad a gefe dan durowar teburin nan ba ta ɗaukar komai sai takarda da caja.

Kujera kuwa kar ki biye wa hoto. 'Yar kujerar nan mai zagayen baya da suke ajiyewa ta hoto ce, ki ajiye ta gefe ta baƙo in kina so. Ke ki sayi ta ofis mai ɗagawa da saukewa mai tallafe ƙugu, ki zaɓi launi mai haske mara girman kai, ki duba hannunta zai shige ƙarƙashin teburin.

Inda za ki ajiye shi, asalinsa tsakiyar ɗaki ake sa shi shi yasa ake gyara duka fuska huɗun har da durowar ƙarya a baya. In kina da fili ki juya shi ki fuskanci ƙofa bango na bayanki, ko taron bidiyo za ki yi bayanki ya fito tsaf. Amma ki tuna ƙasansa a buɗe yake ba inda waya za ta ɓuya, dan haka ki sa kafinta ya ɗaure miki abin soket a can ƙarƙashi ta ciki, waya ɗaya tak ta sauko ta bayan ƙafa ta bi ƙarƙashin kafet zuwa bango. In sabo ake yi miki ya huda bayan durowa ɗaya caja ta zauna ciki. Taga ta kasance a gefenki, ba gaba ba ba baya ba, kuma kar rana ta dinga dukansa kai tsaye ko iskar esi, duk suna busar da katako. Gogewa da busasshen ƙyalle mai laushi, lungunan sassaƙa da ɗan burushin fenti, ki gaya wa yarinyar aiki ban da jiƙaƙƙen tsumma.

Ki auno min ɗakin tsawo da faɗi, ki nuna min inda taga da soket suke, da awon cinyar nan da na ce, ki turo min ta gefe sai in faɗa miki girman da za ki ba kafinta. Kuma kar ki biya shi duka a farko, rabi, sauran sai kin zauna a gabansa da kujerarki kin tura ƙafa. Sai da safenku.