Me Ya Sa Amfilifayata Ba Ta Ninka Sigina Yadda Na Lissafa Ba?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin foliteknik ne. Na haɗa amfilifaya da taransista BC547, sigina na shiga ta bes yana fita ta kolekta (bes, kolekta da emita su ne ƙafafun taransista uku). Rizistar kolekta 4.7 kΩ ce, ta emita 1 kΩ, karan 1 mA. Lissafina ya ba ni ninki 180, amma da na auna bai kai 5 ba. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafinka daidai ne, sai dai na wata da'irar ne daban da wadda ka haɗa.

A samfurin ƙaramin sigina, ana ɗaukar batir da manyan kafasito tamkar waya, a dubi abin da sigina kaɗai ke tararwa a hanyarsa. Cikin emita akwai ƴar turjiya, re, wadda ake samu ta raba 26 mV da karan ɗin emita. Naka 1 mA ne, ke nan re ta zama 26 Ω. Ka raba 4700 da 26, ka sami kusan 180. Nan ka tsaya.

To amma siginar ba ta ratsa re kaɗai ba. Muddin ba ka sa kafasito a gefen rizistar emita ba, wato ƙafafunsa biyu a jone da nata biyu, sai ta bi ta cikin 1 kΩ ɗin nan ma. Lissafin gaskiya shi ne 4700 a raba da 1026, wato 4.6. Abin da ka auna ke nan. Alamar debewa da ake sa wa amsar tana nuna cewa siginar na fita a kife ne.

Sa kafasito mai 100 µF a gefen rizistar emita, ninkin zai tashi, domin siginar za ta bi ta kafasiton ta kewaye rizistar. Ko a nan kada ka sa ran 180 cif: in ka jona lodi, wato abin da ke karɓar siginar da ta fita, mai 10 kΩ, shi da rizistar kolekta za su haɗu su koma 3.2 kΩ, ninkin ya sauko wajen 123. Kuma siginar shiga kada ta wuce 5 zuwa 10 mV, in ba haka ba samfurin ya daina aiki, sauti ya fara karkacewa.

Ni dai na fi son a raba rizistar emita biyu, 100 Ω da 910 Ω, a kewaye babbar kaɗai da kafasito. Ninkin zai tsaya kusan 37 ba lodi, amma ba zai riƙa yawo ba. Dalili kuwa, wannan 26 mV da ake lissafa re da shi na canzawa da zafi, amma 100 Ω ɗin da ba a kewaye ba na rage tasirin canjin. A ranar bazara mai digiri 40 ya kai 27 mV.