Zara, Gamzaki da tauraruwa mai wutsiya

Wata marubuciya daga Funtuwa tana rubuta labarin 'yan sama jannati da kumbonsu ya tashi daga Zara ya nufi Gamzaki. Tana tambaya ko sunayen sun dace, kuma ko wannan Zarar ce ake nufi in an ce "zara ba ta barin dami".

Malama, wannan tafiya ba za ta yiwu ba, don Zara da Gamzaki abu ɗaya ne. Ita ce Larabawa ke kira Zuhra, Turawa kuma Venus. In ta fito yamma bayan magariba sai mu ce Zara matar wata, in ta fito gabas kafin ketowar alfijir sai mu ce Gamzaki. Kakanninmu lokacin fitowarta suka raɗa wa suna, shi ya sa ta samu biyu. Kuma ba tauraro ba ce irin rana, duniya ce kamar tamu, hasken rana take maido mana. Tun da ta fi mu kusa da rana, ba ta daɗewa a sama bayan rana ta faɗi, awa uku da 'yan kai ta yi yawa. Kada jaruminki ya ɗaga kai tsakar dare ya ce ga Zara can, duk manomin da ya saba sammako zai kama ki.

Zama a kanta ma sai an yi shiri. Zafinta ya kai digiri 460, darma narkewa take yi a can, nauyin iskarta kuma ya ninka na tamu kusan sau 90. Na'urar Venera 13 da Tarayyar Sobiyet ta saukar a 1982 minti 127 ta yi tana aiko da bayani, sannan ta yi shiru. In labarin aljanu kike rubutawa, ki sauke su ko da takalmin soso, ba mai tuhumarki. In kin ce na kimiyya ne, to sai ki gaya mana me suka sa a jikinsu.

Zarar karin maganar kuwa daga zarewa take: a zari zangarniya yau, a zari gobe, har dami ya ƙare. Ba ruwanta da sama.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya aiko da jimlarsa a duba masa: "Tauraruwa mai wutsiya ta gilma kamar ƙiftawar ido."

Ɗana, ka haɗa abu biyu. Mai gilmawar nan tsakuwa ce da ta shigo iskar duniyarmu ta ƙone, ita ce mutane kan ce an jefi shaiɗan. Tauraruwa mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara da ƙura ne mai kewaya rana, takan yi makonni ana ganinta dare bayan dare, wutsiyarta kuma kullum tana juya wa rana baya. Daɗewar tata ce ta ba mutane damar danganta ta da yunwa, annoba ko mutuwar sarki, har aka ce "tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba", aka mai da shi habaici ga wanda zuwansa ke jawo fitina. Wadda ake kira Halley ta bayyana a 1910 da 1986, ana jiranta a 2061. Nemi littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, na 1969, ka ga yadda aka kai yaro sararin samaniya da Hausa zalla.