Amsa: Shin sauya dokoki ne ya ƙara maki a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dokoki ne suka sa maki suka ƙaru, ko kuwa 'yan wasa ne suka ƙara ƙwarewa. A ganina agogon da ke ƙayyade wa ƙungiya lokacin jefa ƙwallo a kwando ne ya fi yin aikin.

Kafin 1985, a wasan maza, babu dokar bai-ɗaya da ta ƙayyade lokacin da ƙungiya za ta riƙe ƙwallo. Da zarar ta shiga gaba, sai 'yan wasanta su watsu kusurwoyi huɗu suna ta miƙa wa juna ƙwallo, abokan karawa na bin su kamar kaji, 'yan kallo na hamma. A 1973 jami'ar Tennessee ta doke jami'ar Temple da ci 11 da 6. Wasa guda cur fa, ba rabi ba! Wa zai biya kuɗin tikiti don ya ga wannan?

Sai NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta kawo agogon daƙiƙa 45, ta rage shi zuwa 35 a 1993, sannan 30 a 2015, kuma a kakar 2015 ɗin maki sun ɗaga sosai. Jifa daga nesa mai maki uku ta shigo a 1986. Ita ce ta ba ƙananan makarantu bakin magana, domin yaro ɗaya mai saitin hannu na iya kifar da babbar ƙungiya a gasar cin kofin jami'o'i ta watan Maris.

Sai dai inda nake da ja: yawan maki ba shi kaɗai ke riƙe mai kallo ba. Mintuna biyun ƙarshe kan ci kusan minti goma sha biyar saboda busa da duba bidiyo, ni kam a nan barci ke kwashe ni.