Amsoshin Tambayoyinku Kan Shari'a: Sata, Fashi Da Bambancin Dokokin Jihohin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina da ke karatu a jihar Teksas ta Amurka an kama shi bisa zargin ya fita daga wani kanti da kayan da kuɗinsu ya kai dala 1,200 ba tare da ya biya ba. Wani abokinsa da ke zaune a Niyu Yok ya ce mana wannan babban laifi ne da zai iya kai shi ga ɗaurin shekaru, shi kuwa ƙanin nawa ya ce an gaya masa ƙaramin laifi ne. Wane ne mai gaskiya a cikinsu? Sannan mene ne bambancin sata da fashi a wajensu, domin na ji ana ambaton duka biyun? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya kawo sauƙi. Dukansu biyun suna da gaskiya, sai dai kowannensu dokar jihar da yake zaune a ciki yake faɗa. Amurka tana da jihohi 50, kowace da kundin dokokin laifukanta, kuma mafi yawan shari'o'in sata da duka da kisan kai kotunan jihohi ne ke yanke su, ba na tarayya ba. Saboda haka tambayar farko da lauya yake yi ita ce: a wace jiha aka yi abin, kuma wane sashe na doka aka rubuta a takardar tuhuma?

Kusan dukan jihohin sun raba laifuka gida biyu. Babban laifi, wanda suke kira feloni, shi ne wanda hukuncinsa zai iya zarce ɗaurin shekara ɗaya. Ƙaramin laifi kuma yawanci ba ya wuce shekara ɗaya, sau da yawa ma tara kawai ake yi. A batun sata, darajar kayan ce ke nuna gidan da laifin ya faɗa, kuma a nan ne jihohin suka sha bamban. A Niyu Yok, satar abin da ya haura dala 1,000 babban laifi ne da zai iya kai wa ga ɗaurin shekara 4. A Kalifoniya iyakar dala 950 ce, a Filorida dala 750, Bajiniya kuwa ta daɗe a kan dala 200 kafin ta ɗaga zuwa 500 a 2018, sannan zuwa 1,000 a 2020. Ita Teksas sai kaya sun kai dala 2,500 kafin a kira satar babban laifi.

Idan aka duba sashe na 31.03 na kundin Teksas, kayan dala 1,200 sun faɗa tsakanin dala 750 da 2,500, wato mataki mafi girma a cikin ƙananan laifuka, wanda hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba ne, ko tarar da ba ta wuce dala 4,000 ba, ko duka biyun. Wannan lissafi yana canzawa idan an taɓa samun mutum da laifin sata har sau biyu a baya, domin a wannan hali ko kayan ba su da tsada ana ɗaga tuhumar zuwa babban laifi.

Game da fashi, abin da ya raba shi da sata shi ne amfani da ƙarfi ko tsoratarwa, ba yawan kuɗi ba. A nan nake so ki natsu sosai, domin a Teksas mutumin da ya ɗauki kaya kaɗan, sannan ya ture mai gadin kanti har ya ji masa ciwo yayin da yake ƙoƙarin gudu, zai iya fuskantar tuhumar fashi a ƙarƙashin sashe na 29.02, wanda ɗaurinsa daga shekara 2 ne zuwa 20. Idan da makami mai kisa a hannunsa, hukuncin yana farawa daga shekara 5 har zuwa 99 ko ɗaurin rai da rai. Don haka ki tambayi ƙaninki ko an yi kokawa ko barazana a bakin ƙofa. Akwai kuma laifi na uku da ake yawan haɗawa da waɗannan, wato kutsawa gida ko gini ba da izini ba da niyyar yin sata, wanda yake tabbata ko da mai kutsen bai ɗauki ko allura ba.

Niyya kuwa ginshiƙi ce a duk waɗannan tuhume-tuhume. Jihohi da dama sun gyara kundinsu bisa wani samfurin doka da masana shari'a na Amurka suka kammala a 1962, wanda ya jera halin zuciyar mai laifi mataki huɗu: yi da gangan, yi da sani, ganganci, da sakaci. Sata tana buƙatar niyyar raba mai kaya da kayansa, kuma nauyin tabbatar da wannan niyya ba tare da wani shakku mai ma'ana ba yana wuyan mai gabatar da ƙara ne. Wanda ya manta kaya a ƙasan keken sayayya yana da abin da zai kare kansa da shi, ko da yake tsadar kayan da hotunan kyamarar kanti sukan sa irin wannan uzuri ya yi wuyar karɓuwa.

Abin da ya fi damuna a lamarin ƙaninki shi ne kasancewarsa baƙo a ƙasar. Dokar shige da fice ta tarayya ce, kuma ba ruwanta da sunan da jiha ta ba laifi: satar da aka yanke wa mutum ɗaurin shekara ɗaya a kanta ana lissafa ta cikin manyan laifukan da ke sa a tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsa, ko da an jingine ɗaurin bai kwana a gidan yari ba. Wannan ne ya sa Kalifoniya ta mayar da iyakar ɗaurin ƙananan laifuka kwana 364 tun daga 2015, Teksas kuwa tana nan a kan shekara cikakkiya. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2010 cewa wajibi ne lauya ya sanar da wanda ba ɗan ƙasa ba idan amsa laifi zai iya jawo masa kora.

Saboda haka kada ya amsa laifi don kawai an yi masa alkawarin ba za a ɗaure shi ba. Ya daina bai wa 'yan sanda bayani sai lauyansa yana wurin, kuma idan ba shi da halin ɗaukar lauya ya roƙi kotu ta naɗa masa. Kafin ya sa hannu a kowace yarjejeniya da mai gabatar da ƙara, a nuna takardar ga lauyan da ya ƙware a dokar shige da fice, a kuma tambaya ko gundumar da ake shari'ar tana da shirin da ake janye tuhuma ga wanda bai taɓa yin laifi ba bayan ya cika wasu sharuɗɗa.