Sarƙar sifin: ka fara da rufaffen tsari tun kana Samaru

Ƙanenmu, ka ce kana kammala digiri na biyu a fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello, kana neman gurbin dakta kan yadda maganaɗisu ke gudana a sarƙar sifin ta XXZ (jerin ƙananan maganaɗisu, kowanne na tasiri kan maƙwabcinsa), kuma ka rasa wanne za ka kama, rufaffen tsari, inda sarƙar take ita kaɗai, ko buɗaɗɗe, inda ake jona ta da waje. Mu dai rufaffe muka ce, kuma kada ka jira biza.

Dalilin ƙwaƙwalwar kwamfuta ne. Sarƙa mai gurbi L tana cin lambobi 2^L. Gurbi 30 gigabait 16 ke nan. A buɗaɗɗe, inda ake jona bakin sarƙar biyu da rumbun sifin ta lissafin Lindblad na 1976, lambobin 4^L ne, gurbi 15 kacal sun lashe wannan gigabait ɗin.

Sauke QuSpin, manhajar lissafin sarƙar sifin, ka gina gurbi 16 zuwa 20 a zafi marar iyaka. Rabin hagu ya ɗan karkata sama, na dama ƙasa, sai ka auna maganaɗisun da ya tsallaka tsakiya. Amsar sananniya ce, da ita za ka gane ko lissafinka lafiya: in Δ, ma'aunin bambancin ƙarfin haɗin sifin ta fuskar z, yana ƙasa da 1, maganaɗisun yana ƙaruwa kamar lokaci t, sama da 1 kamar √t, daidai 1 kuwa kamar t^(2/3), abin da Ljubotina, Žnidarič da Prosen suka nuna a 2017. Ga tarkon: a gurbi 20, kusan lokaci 10/J (J shi ne ƙarfin haɗin maƙwabta) motsin ya isa baki ya fara dawowa, duk abin da ka karanta bayan nan na ƙanƙantar sarƙa ne. Kada ka sa ran 2/3 tsaf a laftof. Su ma sai da gurbi ɗaruruwa.

Buɗaɗɗe yana kaiwa gurbi 100 da TEBD, dabarar lissafi da ke matse bayanan sarƙar cikin tensa, amma yana da nasa ciwon kai. Kafin gudanar ta daidaita ana jira, kuma in watsuwa ce, wato Δ sama da 1, jiran yana hawa kamar L². Ka yar da 'yan gurabe a kowane baki kafin ka auna gangaren maganaɗisun, domin mahaɗar rumbu tana da tata turjiya. Ka ninka faɗin tensa, 32, 64, 128. Muddin sakamako na motsi, bai nuna ba.

Shirinka ya riƙa adana aiki duk rabin awa, saboda ɗauke wuta. In zane ya fito, haɗa shi da shirin a wasiƙar neman farfesa, ka kuma nemi difloma ta shekara ɗaya ta cibiyar fiziks ta ICTP a Tiriyeste, Italiya.