Amsa ga ƙaninmu mai tambaya kan adadin mamata

Salam ƴan uwa. Ƙanina, wallahi ina karanta saƙonka gabana na faɗuwa. Ka ce an kai hari wani ƙauye, mutanen gari sun ba ka adadin waɗanda suka binne, hukuma ta fitar da nata wanda bai kai rabi ba, editanka kuma ya dame ka da kira, wanne za ka ɗauka kuma shin za a iya kama ka.

Za a iya kama ka mana, wannan ba sai an ɓoye maka ba. A Janairun 2019 sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust na Maiduguri da Abuja saboda labarin shirin ƙwato Baga, suka tafi da ma'aikata da kwamfutoci. Ahmed Abba na RFI Hausa a Marwa aka kama shi a 2015, kotun sojan Kamaru ta yanke masa shekara 10, sai ƙarshen 2017 ya fito. A Nijar kuwa Disambar 2024 dakatar da BBC aka yi na wata uku, kuma a kan wannan maganar taka ce ta adadin mamata.

Amma ni gaskiya ba masu kaki ne suka fi ƙona min rai ba, ogana ne. Lokacin ina turo rahoto wani gidan rediyo, babu albashi, sai abin da aka ga dama aka ba ka. Na samu wani dattijo wanda shi ya yi wa gawarwakin sallah, ya jero min sunayensu ɗaya bayan ɗaya har da na ƙanensa, ya roƙe ni don Allah kar a ji muryarsa. Na gaya wa oga baki da baki, ya ce ba damuwa. Da yamma kawai sai ga muryar bawan Allah nan a iska, da sunansa da na unguwarsu, oga kuma ya ƙara wani adadi da ya tsinto a Facebook ya ce inji wakilinmu. Wakilinku wa? Washegari aka zo aka tafi da ni, aka karɓe wayata, aka ajiye ni a benci tun hantsi har bayan isha'i ana maimaita min tambaya ɗaya, wa ya ba ka wannan lissafin. Da aka kira ogan a gabana, a gabana fa, buɗar bakinsa sai ya ce ai ba ma'aikacinmu ba ne, yana dai turo mana labari ne. Mutumin da na sha hawa babur cikin daji saboda shi. Dattijon nan dole ya kwashe iyalinsa ya bar garin, don ƴan bindigar ma suna jin rediyo, sun fi mu ji ma. Shi kuwa ogan har yau yana nan ana gayyatarsa taro yana jawabi kan ƴancin ƴan jarida, in na gan shi a hoto sai in ji abinci ya fita raina. Allah Ya isa kawai.

Don haka duk abin da za ka gaya wa edita rubuta shi a WhatsApp ka ajiye, kar ka yarda da magana ta waya. Adadin kuma ka kawo duka biyun, mazauna garin sun ce kaza, hukuma ta ce kaza, kar ka zaɓa musu. Ka nemi sunaye wajen liman ko waɗanda suka haƙa kaburbura, don a cikin firgici har wanda ya gudu daji ana lissafa shi cikin matattu, bayan kwana biyu ya dawo. Ka tura wa kakakin ƴan sanda tes ko ba zai amsa ba. Inda sojoji suka nufa ko yawan motocinsu kuwa ko ka gani da idonka ka kame bakinka, akwai ƴaƴan mutane a cikin motocin nan.

Wai ma ni abin da ke ba ni haushi, masu rige-rigen hira da shugabannin ƴan bindiga. Tarar naira miliyan 5 da NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya, ta ci Trust TV a 2022 kan shirinsu game da ƴan bindiga ban goyi bayanta ba sam, aikin bincike suka yi. Amma ka miƙa wa mutum makirfo ya yi ta cika baki ba ka tambaye shi matan da ya mayar zawarawa ba, wannan talla ka yi masa. Masu ɗauke da bindigar nan fa ba abokanka ba ne, Zakariya Isa na NTA a Maiduguri Boko Haram suka harbe shi a 2011.

Af, ka goge sunayen mutanen ƙauyen daga wayarka tun yanzu, kuma gida su san inda kake. In editan ya matsa sai an sa murya, ka ce ta goge.