Tawul ɗin maikurofaiba ya karce min baƙar mota, jabu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara na sayi baƙar mota. Da aka ce min tsohuwar singileti tana ɓata fenti, sai na sayi tawul biyu na maikurofaiba, kullum da safe da su yarona yake goge mata ƙura. Yanzu idan rana ta haska bonet sai in ga zane-zane sirara kamar saƙar gizo-gizo. Baƙar robar nan mai sheƙi ta wajen giyar motar da allon talabijin ɗin falo su ma sun fara. Jabu aka sayar min ne? Wane iri ya kamata in saya, kuma yaya ake wanke shi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, mai yiwuwa tawul ɗin ba mai kyau ba ne, za mu zo kansa. Amma ni inda idona ya tsaya a tambayarka shi ne "kullum da safe yake goge mata ƙura". Ko da tawul mafi tsada a duniya aka yi wa mota haka a Kano, musamman da hunturu, zanen nan sai ya fito.

Sheƙin da kake gani a jikin mota wani shafin fenti ne marar launi da ake fesawa a kan baƙin, kuma kaurinsa bai kai na takarda ɗaya ba. Ga shi da laushi. Akwai ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5, ƙwayar farin yashi kuma 7. Taurin fentin mota ya fi kusa da na farce, yashi ya fi shi tauri nesa ba kusa ba. To ƙurar da ke kwana a kan motarka, da wadda tayoyi ke tayarwa a unguwa da hazon da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, akwai ɓarɓashin yashin nan a cikinta. Idan aka ɗora busasshen ƙyalle a kai aka danna aka murza, an mai da shi takardar gogar katako ta kafinta ke nan. Kowace safiya ana ƙara 'yan ɗaruruwan karce da ido ba ya gani, sai sun taru rana ta tona asiri. Farar mota ma tana da su, baƙa ce dai ba ta iya rufa asiri.

Saboda haka gyaran farko ba ya buƙatar sisi. Ruwa ya riga ƙyalle taɓa motar. A kwarara mata ruwa daga sama zuwa ƙasa ya tafi da yashin, sannan a wanke da kumfa. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na zallan ruwa inda za a riƙa ɗauraye tawul kafin a sake tsoma shi a kumfar. Ka leƙa gindin bokiti na biyun bayan an gama, abin da za ka gani a kwance shi ne da zai koma kan fentinka. Ranar da babu ruwa ko babu lokaci, a goge gilasai kawai da jiƙaƙƙen ƙyalle a bar bodin da ƙurarsa. Na san wannan yana yi wa masu baƙar mota ciwo, amma ƙurar da ke kwance ba ta karce komai sai an ja ta.

Sai batun tawul ɗin. Maikurofaiba zare ne na roba, haɗin foliyesta da nailan, siriri ƙwarai, ya fi gashin kai sirantaka sau da yawa. A Japan aka fara sarrafa irinsa, a kamfanin Toray, wajen 1970. Wanda ake yi don goge-goge ana tsattsaga kowane zare a tsaye, ya zama yana da lunguna kamar ɓarin lemo da aka buɗa. Lungunan nan ne ke shan ruwa su kuma ɗauke datti su shigar da shi ciki, inda auduga take tura shi gaba kawai. Masu araha da yawa ba a tsaga zarensu ba, ko kuma foliyesta ne zalla. Idan akwai takarda a jiki duba ta, za ka ga 80/20 ko 70/30. Lamba ta biyu ita ce nailan, kuma mai 30 ya fi laushi da shan ruwa. Idan babu rubutu, shafa shi a tafin hannu: mai kyau yana ɗan kama kaushin fata kamar zai maƙale. Ko ka zuba ɗan ruwa a tebur ka ɗora shi, ka ga ko zai tsotse ko zai riƙa kora ruwan gaba.

Akwai kuma lambar GSM, wato nauyin giram nawa murabba'in mita ɗaya na yadin yake yi. Na bodi nemi daga 350 zuwa sama, mai dogon gashi, domin ƙwayar yashin da ta tsere wa ruwa ta samu inda za ta nutse nesa da fenti. Na gilashi da allo kuwa marar gashi ya fi, mai santsi irin wanda ake bayarwa da tabarau, don ba ya barin sawu.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne baki. Sau da yawa tsakiyar tawul lafiya lau, amma an daje gefensa da zare mai tauri, ga kuma takardar kamfani a maƙale. Cire takardar tun ranar farko, har da guntun da ke saura a ɗinkin. Idan ka samu marar ɗinki a baki, shi za ka ɗauka. Wanda kake shakka a kansa, nemo tsohon faifan CD, ka goga tsakiyar tawul ɗin da gefensa a bayan faifan, ka ɗaga a haske. In ya yi zane a nan, kada ya kusanci robar wajen giya, domin ita ta fi fenti ma saurin karcewa.

Wajen aiki a ninka shi biyu, a sake ninkawa, sai ya ba ka fuska takwas. Ɗaya ta yi datti a juya. A ja shi a miƙe, ba tare da dannawa ba. A nan bari in ɗan kauce: da'irar da kake gani a bonet ba lallai sai don yaron yana murzawa a zagaye ba ne. Karcen ya bi ko'ina, waɗanda suka dace da inda haske ke fitowa ne kawai suke walƙiya, shi ya sa suke kewaye rana ko fitila duk inda ka tsaya.

Kuma a raba musu aiki da launi. Na bodi daban, na taya da wili daban, na cikin gida daban. Tawul biyu sun yi kaɗan ga mota da falo, ina kuma zargin wanda ya goge bonet shi ne ya shiga ya goge talabijin. Duk wanda ya faɗi ƙasa ya gama aikin fenti a wannan rana. Ƙarfinsa na riƙe datti shi ne kuma aibinsa: ya kama yashi ko ƙaiƙayi ko ƙarangiya, kakkaɓewa ba ta fitar da su.

Wanki: shi kaɗai da 'yan uwansa, ban da kayan auduga, don zai kwashe duk burbushinsu. Ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Sabulun ruwa ya fi omo, saboda garin da bai narke ba yana maƙalewa a zaren, in kuwa omo ne a hannu a narkar da shi sarai tukuna, a ɗauraye sau biyu ko uku. Ban da bilic. Ban da ruwan ƙamshin nan mai tausasa tufafi, wanda ke shafe zaren da maiƙo ya toshe lungunan har tawul ya daina shan ruwa. Ban da guga, roba ce, zafi yana ƙandarar da bakin zaren kuma ba ya komawa. A shanya a ɗaki ko a inuwa inda ƙura ba ta kaiwa, ba a kan katanga ko shingen makwabta ba, ya bushe a sa a leda a ɗaure. Wanda aka wanke amma har yanzu kana jin tauri ko tsikari a jikinsa, a mai da shi na taya.

Talabijin a kashe shi ya huce, a ɗan jiƙa ƙyallen da ruwa mai tsabta, kada a fesa komai kai tsaye a allon, kada kuma a sa maganin wanke taga. Karcen da ya riga ya samu allo ba ya gyaruwa. Na mota kuwa mai folish da inji zai iya fitar da shi, amma ka sani yana yin haka ne ta hanyar cinye kaɗan daga siririn shafin nan, don haka ba abin yi duk wata ba ne. Ka bari sai yaron ya saba da bokiti biyu kafin ka kai ta.